Lalle Bakwai a Bayan Ɗakin Tsohuwa

Unguwar Kanya, ƙasar Kafur
Asabar

Zuwa ga baiwata Rakiya, a Funtua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulrahman da yara. Mu nan ƙalau muke, in ban da zafi. Zafin bana, Rakiya, ƙadangare ma ba ya hawa katanga sai bayan la'asar. Jiya jakin Baba ya shiga inuwar rumbu ya ƙi fita, aka yi ta dukansa, ya juyo ya dube mu kamar mu ne jakunan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ta faɗa rijiya ranar Talata ina jan ruwa. In kin kira kin ji shiru, kwaɗi ne ba su iya ɗauka ba. Haladu mai babur zai riƙa kawo miki saƙo duk ranar da ya kai albasa Funtua, ke ma ki ba shi amsa. Ajamin da malamina na allo ya cusa mini da dorina a Maska, ga shi yau ya yi amfani.

Yaya matata, kakarmu Tsohuwa? Ki ce mijinta yana gaishe ta. Ki ce in likita ya cire mata yanar idon nan ta ga kyawuna da kyau, ta riƙe bango kada ta suma.

To ga labarin aikin da ta bar mini. Ke kin daɗe a birni, bari in tuna miki. Duk jaririn da ta karɓi haihuwarsa a unguwar nan, ranar da cibiyarsa ta faɗi sai ta binne ta a bayan ɗakinta, ta dasa reshen lalle a kai. Daga girbin dawa zuwa yau ta dasa bakwai, a jere, daga gindin rumbu zuwa katangar yamma. Ba ta barin iyaye mata su shiga. Alama kawai take gaya wa kowace: ke naki mai ƙahon akuya ne, ke mai jan ƙyalle, ke mai tsingaro. Akwai mai farin dutse, da mai murfin kwalba, da mai ƙwallon goruba, da mai tsohon kwabo. Su kuma matan sun yarda yadda lallen yake haka yaron yake. Ni dai na yi karatu, na san rai a hannun Allah yake, ba a gindin lalle ba. Amma ban ruwa ina yi, don in ban yi ba ta dawo ta ce in sake ta.

Kafin ku tafi sai da ta tsayar da ni ta yi ta nanata mini kamar mai biya wa ɗalibi: da sassafe kafin rana ta taɓa ganye, da yamma bayan ƙasa ta huce. Kada in zuba da tsakar rana, wai dafa su zan yi. Kada in kwara, in tsiyaya a gindi, ƙwarya biyu kowanne. Ruwan kuma ya kwana a randa, kada in ba su na jarkar da ta sha rana. Rakiya, ni da aka haifa ba a taɓa yi mini wannan gata ba. Rijiya kuwa ta yi ƙasa ƙwarai, sai na jefa guga shida kafin in cika jarka, rabi laka. Tafin hannuna ya yi kanta, ba budurwar da za ta yarda ta karɓi goro daga gare ni.

Yanzu ga abin da ba za ki karanta mata ba. Ki tsallake nan, in kin faɗa sai na sayar da ke a kasuwar Kafur. Kin san yadda take cika baki wai ta san 'ya'yan lallenta ko ido rufe. To ranar da kuka tafi na bi jerin na sauya alamomin duka, na kowa na ɗora wa wani. In ta dawo da sabon ido zan tsaya a bayanta in ce, “To matata, nuna mini na wane.” Ina so in ga fuskarta.

Ubangidanki,
Ɗanasabe

*

Funtua
Litinin

Zuwa ga Ɗanasabe, wanda ko kaza bai mallaka ba balle baiwa.

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarka tana warin albasa. Sai da na juya ta sau biyu kafin in gane ina ne sama. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, ya ce Allah ya jiƙan waya.

Ba a yi wa Tsohuwa aikin ba tukuna. An auna ta an ce jininta ya hau, sai ya sauka kafin a yi. An ba ta ƙwayoyi, an sa Litinin mai zuwa. Likita ya ja mini kunne kada a ɗaga mata hankali ko kaɗan. Ita kuwa Funtua ba ta karɓe ta ba. Ta ce garin da keke mai ƙafa uku ke kuka tun asuba ba gari ba ne, ruwan famfo kuma wai kamar mutum ya sha iska.

Na karanta mata takardarka, ban da ƙarshen. Ga saƙonta yadda ta faɗa: “Ki ce wa mijin nan nawa mara amfani, kyan da yake faɗi na gan shi tun yana tsirara, ban suma ba. Ya riƙa sa yatsa a ƙasa kafin ya zuba. In da danshi har gaɓa ta biyu ya ƙyale, yawan ruwa ma kisa yake. Na bakin katanga ya yi masa rumfa da kara, don a kansa ranar yamma take ƙarewa. Ya barbaɗa toka saboda gara.”

Yanzu ni da kai. Ɗanasabe, ba ka da hankali. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har Malam ya tambaye ni lafiya. Amma wannan ba barkonon da ka zuba mini a kwalli ba ne muna yara. Ni da kai mun san lalle lalle ne. Matan unguwa ba haka suke gani ba, kuma 'ya'yansu ne. Ka je yau ka mayar da kowace alama inda ka ɗauke ta, ka nemi wani abin da za ka tsokane ta da shi. Ka ɓoye mata sandarta, ko battar asarar da take shaƙa.

Wadda ta girme ka da damina uku,
Rakiya

*

Unguwar Kanya
Laraba

Rakiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Tsohuwa da jiki. Ni lafiyar jiki ina da ita.

Na je in mayar da alamomin kamar yadda kika ce. Na tsuguna gaban jerin, na miƙa hannu, sai na ga ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Abin da ban gaya miki ba, sau biyu na sauya su. Na farko na ga ya yi sauƙi, za ta gane nan da nan, washegari na koma na sake hargitsa su. Na ɗauka kaina zai riƙe. Ni da na haddace izu goma sha biyu, abu bakwai ya gagare ni.

Sannan na bakin katanga ya yi yaushi. Rumfar ta zo a makare. Tun Lahadi ganyensa ya nannaɗe, yanzu in na taɓa sai ya zube. Jan ƙyalle ne a jikinsa, jan ƙyalle kuwa na Ummukulsum ne.

Da Tsohuwa tana nan ba mai kusantar wurin. Amma da zafi ya yi zafi, ita kuma ba ta nan, sai mata suka fara leƙe ta wata kafa a jikin danga in za su rijiya. Jiya da safe Ummukulsum ta leƙa. Na ji tulunta ya fashe a ƙasa. Ta ruga gida ta ɗauki 'yarta tana jujjuya ta tana kuka. Yarinyar nan kuwa ƙatuwa ce kamar kabewa, ana kuka a kanta tana dariya. Tun jiyan Ummukulsum ba ta ci abinci ba.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Rabe ne, ɗan Murja matar Tanimu, wata huɗu da haihuwa. Tun Litinin yake gudawa da amai. Tanimu yana Kaduna cirani, ba namiji a gidan. Na shiga na gan shi a cinyarta, ya yi laushi kamar tsumma. Na ce, “Murja, a kai yaron nan asibiti Malumfashi mana.”

Ta ce, “Haba Ɗanasabe, ka ga mai ƙaho kuwa? Duk ya fi su kore, har sabon toho ya yi. Haƙori ne kawai zai fito masa.”

Na ce, “Lalle daban, yaro daban.”

Ta ce, “Ku masu allo haka kuke cewa. Ni nawa na can bayan ɗakin, na yayana ma yana can, duk Tsohuwa ce ta dasa, ga mu a raye. Kai dai ka ci gaba da ba shi ruwa, Allah ya yi maka albarka.”

Ta dama mini fura. Na riƙe ludayin na kasa kai shi baki.

Rakiya, mai ƙahon ya yi kore ne don yana gindin rumbu cikin inuwa, kuma ni na ɗora masa ƙahon da hannuna. Ina ji a raina daga wajen yamma na fara ɗauko shi. Ko daga na ƙarshe ne, ko daga na kusa da shi, ban sani ba. In na rufe ido sai in ga hannuna yana ɗauka, amma ba na ganin daga ina.

Don Allah ki tambayi Tsohuwa jerin, daga rumbu zuwa katanga. Ki yi mata dabara, ki ce musu muke yi da ke. In na san na kowa, ko zan tsaya gabansu in faɗi abin da na yi, ina da abin da zan nuna wa kowace. Ki ba Haladu amsa yau.

Ɗanasabe

*

Unguwar Kanya
Juma'a da safe

Rakiya,

Gaisuwa. Ina fata shirun nan lafiya ne.

Haladu ya dawo ranar Laraba ya ce ba ki ba shi komai ba. Na tsaya ina dubansa har ya tambaye ni ko bashi nake binsa. Tun daga nan nake ta tunani. Ko kin tambaye ta ta gane, jinin ya hau, ta faɗi? Ko fushi kike yi? In fushi ne ki ajiye shi, zan zo har Funtua ki mare ni.

Rabe ya ƙara lalacewa. Maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma. Jiya yana kuka ba hawaye, yau kukan ma sai ka kasa kunne. Murja tana ba shi jiƙo. Sau uku na yi mata maganar asibiti, na ukun ta ce in na sake faɗa za ta ɗauka mugun fata nake yi masa. Kullum da safe tana goya shi ta zo bakin danga ta leƙa mai ƙaho, ta yi ajiyar zuciya, ta ce da ni sannu da aiki.

Na bakin katanga kuwa ba abin da ban yi masa ba. Na ƙara rumfa. Na binne 'yar tukunya mai huda a gefensa ina cika ta don ruwan ya riƙa tsatsa a hankali. Na shimfiɗa ƙaiƙayi. Na tona da yatsa na tarar da gara a saiwarsa, na zuba toka. Har Ƙulhuwallahu na tofa masa, ni, a kan lalle, in malamina na Maska ya ji sai ya yi mini aski da dorina. Na kankare ɓawon da farce, kore ya rage ɗan kaɗan can ƙasa.

Yau bayan sallar asuba na yi shawarar in ɗauke ƙahon in kai shi kan mai bushewar, don Murja ta gani ta tsorata ta tashi. Na je, na kama ƙahon. Sai na ce a raina, in na ɗora shi a kan mai mutuwa, Rabe ya mutu, wa ya kashe shi? Na san camfi ne. Na gaya wa kaina sau ɗari. Amma hannuna bai yi karatu ba, sakin ƙahon ya yi.

In kuma na faɗi gaskiya, kin san abin da zai biyo baya. Mazajen matan nan za su ce na yi wasa da ran 'ya'yansu. Baba ba zai iya zama a dandali ba. Tsohuwa kuma shekara arba'in ba wanda ya taka bayan ɗakinta, ni kaɗai ta ba amana.

Ba na iya cin tuwo. In na ji mace ta ɗaga murya a unguwa, ko ɗanta take kira, sai in ruga ƙofar gidan Murja.

Ki amsa mini.

Ɗanasabe

*

Funtua
Juma'a da la'asar

Ɗanasabe,

Muna lafiya, Tsohuwa lafiya lau, jinin yana sauka. Ba fushi ba ne. Takardarka ta Laraba a ƙarƙashin kujerar babur ta kwana biyu, yau Haladu ya miƙo mini su biyun tare yana sosa ƙeya.

Da na fara karantawa na ce wannan ɗan banza so yake in tatso masa jerin don ya ci Tsohuwa da wayo. Har yanzu rabin zuciyata haka take cewa. In wasa ne, Ɗanasabe, ban yafe ba.

Na shiga wurinta da niyyar tambaya. Na zauna, na ce, “Tsohuwa, lallen nan na bana...” Sai ta miƙe zaune ta ce, “Me ya same su?” Na ce ba komai, ƙunshi nake sha'awa. Ka ga ba za ta tambayu ba. Matar nan ba ta gani amma tana jin ƙarya tun kafin ta fito baki. In jininta ya sake hawa an fasa aikin, ko abin da ya fi haka.

Saboda haka ka yi shiru zuwa Litinin. Kada ka gaya wa kowa, don in magana ta fita a unguwa kafin yamma ta iso Funtua. Da an gama aikin zan tambaye ta. Kafin nan ka tafasa ruwa ka sa ɗan gishiri da sukari a riƙa ɗiga wa yaron da cokali, ka ci gaba da lallashin Murja. Kwana uku ne kawai.

Rakiya

*

Unguwar Kanya
Talata

Rakiya,

Assalamu alaikum. Yaya Tsohuwa? An yi aikin? Ba ni da labari, ki fara da wannan in za ki amsa.

Ban bi maganarki ba. Ki yi haƙuri. Ranar Juma'a bayan magariba na kai ruwan gishiri da sukari, Murja ta ɗiga masa don kada ta kunyata ni, ya dawo da shi. Na ɗaga fatar cikinsa da yatsa biyu, ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Na ce yaron nan ba shi da kwana uku.

Asabar da safe na gama ban ruwa na jira matan. Biyar suka zo bakin danga da tulunansu, Murja da goyonta. Na buɗe dangar gaba ɗaya na ce su shigo. Suka ja da baya. Na ce, “Ku shigo, ba abin da zai kama ku, in ma akwai ni zai fara kamawa.” Na kife turmi na hau, ban san me ya sa ba. Na ce, “Alamomin nan ba a inda Tsohuwa ta sa su suke ba. Ni na sauya su. Wasa nake yi mata.”

Wata ta yi dariya, ta ɗauka yanzu ne nake wasan. Na ce na rantse da Alƙur'anin da na karanta.

Ummukulsum ce ta fara magana. Ta ce, “Kana nufin kwana huɗun da na yi ba ci ba sha...” Ba ta ƙarasa ba ta kwaɗa mini gammonta a fuska, ta bi da guga. Guga ya fi zafi. Ta ce, “Ɗan banza mai kai kamar gwanda! Nonona har ya fara ƙafewa saboda kai!” Sauran suka ɗauka, kowace da irin zaginta, har da kakannin da muka haɗa da ke.

Murja ba ta zage ni ba. Ta ce, “To nawa wanne ne?”

Na ce, “Ban sani ba.”

Ta ce, “Mai koren nan?”

Na ce, “Ban sani ba, Murja.”

Ta bi jerin da ido ɗaya bayan ɗaya har ta kai bakin katanga. Ta daɗe a nan. Ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar Rabe. Sai ta ce, “Ina Haladu?”

Mu uku a babur, Haladu, ita da yaron a ƙirji, ni a kan ƙarfen baya. Tun daga unguwa har Malumfashi ina kallon ƙafar yaron da ta leƙo daga zani ina jira ta motsa. A asibiti wata nas ta karɓe shi tana faɗa, wai me muke jira tun tuni. Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba, sai a kai suka sa masa ƙarin ruwa. Na fita na zauna gindin darbejiya na yi ta salati. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in tashi tsaye.

Lahadi da hantsi na ji kuka. Kukan banza, mai ƙarfi, irin na yaron da aka ɓata wa rai. Na leƙa ta taga na ga ya kama nono. Murja ta ɗago ta gan ni, ta ce, “Kai kuma me kake yi a nan? Wa ka bar wa ban ruwa?” Iyakar abin da ta ce mini ke nan har yau. An ce gobe za a sallame su. An aika wa Tanimu, yana hanya, ban san da me zai zo mini ba.

Na dawo gida na tarar ƙasar gindin 'ya'yan lallen da danshi. Ashe matan ne suka riƙa ba su, safe da yamma, kowace tana zuba wa duka bakwai tunda ba wadda ta san nata. Sun cire alamomin sun tara a ƙwarya sun rataye a jikin rumbu. Baba bai yi mini magana ba, ya dai sa an daina ajiye mini tuwo a zaure tare da nasa.

Na bakin katanga ya mutu, Rakiya. Jiya na lanƙwasa shi ya karye ƙas. Lalle shida, jarirai bakwai, duk bakwai ɗin suna numfashi.

Yau da safe matan suka tare ni a rijiya. Na ɗauka wani dukan ne, na rufe kai. Ummukulsum ta ce, “Sauke hannunka, sakarai. Takarda za ka rubuta.” Ga abin da suka ce in rubuta. Sun san Tsohuwa ta san jerin, da alama ko ba alama. In ta dawo ta dubi gurbin nan, za ta san na wace ce. Suna roƙonta don girman Allah, da girman duk abin da take girmamawa, kada ta faɗa. Ba wadda take son ta sani. Wata ta ce in ta ji nata ne, ba za ta sake barci ba har yaron ya yi gemu.

Ni ma ina roƙo. Ki gaya mata duk abin da na yi, kada ki rage. In ta ce kada in sake taka gidanta, na ji.

Ɗanasabe

*

Funtua
Alhamis

Ɗanasabe,

Wa alaikumus salam. An yi aikin, an dace. Jiya aka cire auduga. Abin da ta fara cewa da ta dube ni, wai ashe na yi baƙi haka.

Da yamma na karanta mata takardunka duka, tun daga ta farko, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ba ta katse ni ba. Da na zo inda Rabe ya kama nono ta ce in maimaita, na maimaita.

Ta ce kai da ita sai ta dawo, ka tanadi bayanka. Ta ce ka ci gaba da ba shidan ruwa, kada ka tona gurbin na bakwai, ka bar mata shi yadda yake.

Na ce, “Matan fa, Tsohuwa? Me za a ce musu?”

Ta ce, “Ya gaya musu na tsufa. Na manta jerin.”

To haka za ka gaya musu, da bakinta, ba ƙari. Ni dai yau da safe muna karyawa ta ambata mini lallen shekarar da aka haife ni, goma sha ɗaya, kowanne da sunan uwarsa da inda yake tsaye, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ban tambaye ta na bana ba. Kai ma kada ka tambaye ta.

Rakiya